Hedifon a Bakin Injin Markaɗe

Malam Sabi'u, ka ce mutum biyu sun zo neman aikin kula da gidan gonarka, kowanne ya iya bakinsa, ka rasa wanda za ka ɗauka. Gyara zama in ba ka misali da abin da ya faru da wata mata a Funtuwa.

Sunanta Barira. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da kayan sautin da yake bayarwa haya: lasifika biyu, miksa, wato na'urar haɗa sauti, da wata tsohuwar kwamfuta. Maimakon ta sayar, sai ta zauna ta koyi aikin dije, don ta lura mata sun fi sakin jiki a wunin biki idan mace ce ke saka musu kiɗa. Aikin kuwa ya wuce danna waƙa. Yayin da jama'a ke rawa da wadda ke fita a lasifika, dije na sauraren wadda za ta biyo baya a hedifon, tana daidaita bugun gangunansu, yadda in ta sauya, ƙafar mai rawa ba za ta san an sauya ba.

Bikinta na farko da ɗan iyafis na waya, irin wanda ake cusawa a kunne, ta je. Da guɗa ta kaure, ga janareta na ruri a bayan katanga, sai ta daina jin komai a kunnenta. Daidai lokacin da aka fito da amarya ta sako waƙa ta biyu a makance. Ganga ta hau kan ganga kamar an kifar da kwandon kwanuka, 'yan rakiya suka tsaya cirko-cirko a tsakar fili. Uwar amarya ba ta yi mata faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baiwar Allah, an gode," ta sa aka kashe kayan, aka kira masu kiɗan ƙwarya. Wata biyu ba wanda ya neme ta.

Ana nan sai wata maƙwabciyarta ta tausaya mata, ta ba ta wunin bikin ƙanwarta. Barira ta san in wannan ma ya lalace, kayan marigayi sun tafi kasuwa ke nan. Ta nufi shagon kayan sauti neman hedifon, abin hannunta kuma ba zai sayi biyu ba. Mai shago ya fito mata da hedifon iri biyu. Ɗaya fari ne marar waya, da ruwan zinariya a gefe. Da ta saka, sautin ya sauko mata kamar ana tsiyaya zuma a kunne. Ɗayan baƙi ne, ba fasali, da murɗaɗɗiyar waya mai kauri, sautinsa ba zaƙi, komai na fita yadda yake.

"Hajiya, farin nan ake yayi," in ji mai shago. "Ko hoto aka ɗauke ki da shi, an san kin isa."

Ranta ya kwanta da farin. Har ta zuge jaka, sai ta tsaya. Shagon tsit yake, in ban da fanka ba abin da ke motsi, wurin aikinta kuwa ba haka yake ba.

Ta ce, "Alhaji, a nan ba abin da ba zai yi daɗi ba. Don Allah ka rako ni wajen injin markaɗen can, in ji su a can."

Ya yi dariya, ya ce shekararsa ashirin a sana'ar nan ba a taɓa kai masa kaya wajen markaɗe ba. Amma ya ja ƙofa ya bi ta. Suka tsaya gab da inji yana cin tumatir da tattasai, mata a layi da bokitai suna kallonsu. Ta saka farin. Waƙar ta narke cikin ƙarar inji, ganga ta ɓace, kuma in ta danna sai an ɗan jima sautin ke isowa. Ta cire ta saka baƙin. Ya rufe kunnen ruf, injin ya koma kamar a wata unguwa yake, bugun ganga na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta karkatar da ɓari guda ta bar kunne ɗaya a buɗe, yadda za ta yi a wurin aiki, ya zauna bai zame ba. Ta tsaya da shi har aka gama wa mutum huɗu markaɗe, don ta ji ko zai matse mata kai. Bai matse ba. Shi ta saya.

Ranar wuni hayaniyar ta ninka ta wancan bikin. Amma tun bayan azahar har aka kira la'asar kiɗa bai yanke ba, bai yi tuntuɓe ba. Wata tsohuwa da ta shiga fili da niyyar ta taka sau biyu ta fito, sai da ta rausaya da waƙa biyar ba ta sani ba. Ta zo wajen Barira tana haki, ta ce, "'Yar nan, wace irin waƙa ce wannan da ba ta ƙarewa?" Kafin a watse mata uku sun karɓi lambarta. Yau duk mai son Barira a bikinta sai ta faɗa tun da saura wata guda, 'ya'yanta kuma duka suna makaranta.

Ka ji dalilin da Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.