Gurasa a Ƙasa

"Kika ƙara kuskure, da wata zan canza ki," in ji darakta, Baturen da ya zo Alƙahira ɗaukar fim.

Sawsan, wadda yake yi wa magana, ta daɗe tana fitowa a matar ɗan ta'adda mai kuka. Yau ita ce jaruma mai tashi sama.

Aka fara ɗauka. Ta keta kasuwa a guje, dodon fim ɗin yana biye da ita. Sai faifan gurasa ya kife a gabanta. Maimakon ta taka ta wuce, ta durƙusa, ta ɗauki guda, ta sumbace ta, ta kai goshi, yadda mutanen garin ke girmama abinci.

"Tsaya! Na sallame ki! Ina wadda za ta canje ta?"

Mai kyamara ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ga ta can wajen dodon. Shi yana tsince gurasar, ita tana karkaɗewa."