Littafin da Ke Ƙarƙashin Tiren Shayi

Misis Halloran, jami'ar da jiha ta turo duba masu karantar da 'ya'yansu a gida, ta zaro wani littafin rubutu daga ƙarƙashin tiren shayi a gidan Narelle.

"Tsarin karatun da kika aiko mana ba shi da makusa," in ji jami'ar. "Amma dubi nan. 'Yarki mai shekara goma sha ɗaya tana rubuta harufa a juye? Doka ta ce sai na ga ci gaba. Ba zan sabunta miki rajistar karantarwa a gida ba."

Narelle ta san ma'anar hakan: makarantar kwana, tafiyar awa shida daga gonar tumakinsu. A makarantar ne 'yarta Tahlia ta daina cin abinci bara.

"Don Allah ki ƙara mana wata uku."

"Ba a hannuna yake ba. Tahlia, rubutunki ne wannan?"

Yarinyar ta saci kallon uwarta, ta sunkuyar da kai. "Nawa ne. Ni ce ba na mai da hankali."

Jami'ar ta cire murfin biro.

"Ƙarya take yi," in ji Narelle. "Littafina ne. Kullum in mun gama ba tumaki ruwa, sai ta zaunar da ni ta koya mini."

"Mama, ki yi shiru mana."

Biron ya tsaya. "To tsarin karatun nan mai shafi arba'in, wa ya rubuta shi?"

Tahlia ta ɗaga hannu a hankali, kamar a aji.