Ranar da Waya Ta Haɗiye Waƙar Inna

Ranar da yarjejeniyar kasuwanci da ƙasashen waje ta fara aiki, intanet ta zama kyauta a garinmu. Kowa ya ɗaga waya yana ihu. Ni ma na ruga gida.

"Inna, ajiye rariyar nan! Yau za ki ga jikarki."

Na kira Yaya Tanimu da ke aiki a Jidda. Fuskarsa ta fito tar, ga jaririya a kafaɗarsa tana tsala kuka. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

"Kai Tanimu, haka ake riƙe jinjiri? Sai ka ce buhun gero! Matso min da ita."

Ta lumshe ido, ta fara rera waƙar da ta rene mu da ita, wadda ta koya a wurin kakarta.

"Inna, ba na jin komai," in ji Yaya. "Motsin bakinki kawai nake gani."

Wani rubutu ya fito a ƙasan wayar. Na karanta mata: karin waƙar nan mallakar wani kamfani ne a ƙetare, an hana aika shi.

Ta sake gwadawa, wayar ta sake haɗiyewa. Jaririya na ta kuka.

Inna ta goge hannu a zani, ta matso.

"To, bari in faɗa maka kalmomin kamar hira, kai ka rera mata da kanka."

Yaya ya gyara wa jaririyar kwanciya a kafaɗarsa.

"Kalmomin na sani, Inna. Yadda ake rerawar ne na manta."