Manhajar da Ba Mai Taɓawa

Ranar Litinin Baba ya yanke hukunci: Asabar za a goge manhajar 'yarsa Auta daga kwamfutar shagonsu na littattafai.

"Ba mai taɓa ta, nauyi kawai take ƙara wa na'ura," in ji shi, yana ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Shekara talatin, kantoci takwas, littafi dubu huɗu, duk suna nan."

Wannan kam kowa a layin ya shaida. Mai saye zai ambaci littafi, Baba ya ce, "Bari in ɗauko tabarau," ya leƙa ɗakin ajiya, ya fito ya faɗi kantar da littafin yake, ba kuskure.

Abin ya yi wa Auta ciwo. Wata biyar ta yi a ƙuryar ɗakin ajiya, bayan kwalaye, tana shigar da sunayen littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rubuta manhajar da ke nemo su. Musu da Baba ɓata baki ne. Sai ta dasa wani ɗan ma'auni a kwamfutar, ya riƙa ƙirga sau nawa manhajar ta karanta fayil ɗin littattafai, sau nawa ta yi rubutu a cikinsa.

Laraba ta duba. Rubutu, ko ɗaya. Karatu, arba'in da bakwai. Alhamis, hamsin da biyu.

Ita dai ba ta buɗe ba. Yayanta mai ɗaure kaya bai ma san inda ake kunnawa ba. Baba kuwa har yau "abin nan naki" yake kiran kwamfutar. Ke nan manhajar ce ke buɗe fayil da kanta, tana wahalar da na'ura a banza. Ashe tsohon ya fi ta gaskiya.

Juma'a da hantsi ta ce bari ta gwada ma'aunin, ko shi ke mata ƙarya. Ta buɗe fayil, ta canza layi guda: ta mayar da babban ƙamus zuwa kanta ta tara. Nan take ma'auni ya nuna rubutu ɗaya. Lafiyarsa ƙalau. Ta tashi, ko gyara layin ba ta yi ba, ta fito don ta ce wa Baba ba sai an jira Asabar ba.

Kafin ta buɗe baki wata malamar makaranta ta shigo neman babban ƙamus.

"Bari in ɗauko tabarau," in ji Baba.

Minti guda ya dawo, ya ƙwanƙwasa goshi, ya dubi 'yarsa. "Auta, kalli nan ki koya. Malama, kanta ta tara, hannun hagu."

Malamar ta juya tana ƙirga kantoci, ta kai ta takwas ta ci karo da bango. Auta kuwa tabaran da ke rataye a wuyan Baba tun safe take kallo.