Gurbin Ƙwallon Dabino

Da 'yan gaisuwar rasuwar matarsa suka watse, sai ya tarar da ɗansa a tsakar gida yana jera ƙwallayen dabino. Shekarar yaron huɗu, cutar galahanga ta hana shi magana.

Marigayiyar ce ke zuwa Gumel, inda wata malama ke koya wa iyaye shiga wasan irin waɗannan yara. Ta sha roƙonsa, "Malam, mu je tare mana." Kullum sai ya ce cinikin shanu na jiransa a Maigatari.

Yau ya tattare riga ya zauna a ƙasa. Yaron ya ajiye ƙwallo ɗaya, ya bar gurbi, ya dakata. Haka suke yi da uwarsa, ya sa, ta sa.

Uban ya cike gurbin. "Ga nawa, ɗan Baba."

Yaron bai dube shi ba. Ya ɗauke ƙwallon ya mayar masa a tafin hannu, ya share wurin da yatsa. Sannan ya juya wajen ƙofar ɗakinta, ya ci gaba da jira.