Harshen Badamasi Mai Mazarƙwaila

Wani dare bayan sallar isha'i, Safara'u ta ji wata ƙara daga ɗakin ajiya. Ƙwas, ƙwas, sai shiru, sai kuma ƙurus-ƙurus. Ta zaci gafiya ce. Ta ɗauki taɓarya da tocila ta leƙa. Sai ga maigidanta Badamasi zaune a kan buhu, curin mazarƙwaila a hannunsa, yana gatsa.

"Malam! Kai da aka ce ka rage jiki?"

"Sukari aka hana ni," in ji shi, baki cike. "Wannan kuwa raken gonata ne. Ni na shuka, ni na matse, ni na dafa. Ina sukari a nan?"

Jama'a, wannan Badamasi ba ƙaramin mutum ba ne a sana'arsa. A wani ƙauye yake tsakanin Tudun Wada da Doguwa, shekara talatin yana dafa ruwan rake. Har ana cewa ƙudan zuma sun san ranar kasuwarsa, suna raka babur ɗinsa har bakin titi. Sirrinsa harshensa ne. Kowace tukunya sai ya ɗanɗana ta sau uku kafin a sauke, ga shi a yini yakan dafa goma.

Wata uku kafin wannan dare, ciwon gwiwa ya kai shi asibiti. Ya hau sikeli, kilo ɗari da sha takwas. Aka gwada jininsa. Ma'aikaciyar da ta duba shi, Hamdiyya, ta ce, "Baba, ciwon suga ya kama ka. Ka rage ƙiba, ka rage zaƙi. In ba haka ba, ƙafar nan da take kai ka gona ita za ka rasa."

Ya ji tsoro kuwa. Ya daina sa sukari a shayi, ya bar lemon kwalba, har yana bugun ƙirji a majalisa. Amma mazarƙwaila bai taɓa sa ta cikin lissafi ba. Da ya kwanta sai ya ji kamar tana kiran sunansa daga ɗakin ajiya, shi kuma ba ya ƙin amsawa.

Wata rana bayan wancan dare, yana saran rake, kututture ya huda takalminsa ya soke shi a babban yatsa. Bai ma ji ba. Sai da yamma Safara'u ta ga jini a takalmin. Ya ɗaure da tsumma ya koma bakin tukunya. Mako biyu yatsa ya yi baƙi, ya fara wari. Aka kai shi asibiti a Kano, aka yi masa tiyata. Da ya farfaɗo, babban yatsan da na kusa da shi babu su. Likita ya ce in bai sake hali ba, nan gaba daga gwiwa za a yanke.

Da ya dawo, ya dogara sanda ya koma wurin Hamdiyya.

"'Yata, gaskiya zan faɗa miki. Kwaɗayin nan ya fi ƙarfina. Kuma in ban ɗanɗana ba, yaya zan san tukunya ta yi?"

"Na tukunya kai ne gwani, Baba. Na kwaɗayi kuwa, kada ka je wurin aiki da yunwa. In ya taso, ka sha ruwa, ka ɗan taka, ka ba shi minti goma. Yakan wuce."

Badamasi ya miƙa wa Safara'u makullin ɗakin ajiya. Ya cika aljihu da gauta da gyaɗa. In abin ya motsa, sai ya sha ruwa, ya taka zuwa gindin tsamiyar bakin gari ya dawo. Ranar Juma'a kaɗai yake cin ɗan gutsure kamar ƙwallon dabino, bayan tuwo, yana tsotsa a hankali. Sau ɗaya ya zame a wurin wani suna, ya cinye alkaki uku. Da kansa ya zo ya faɗa wa matarsa, washegari ya ɗora daga inda ya tsaya.

Da ya daina ɗanɗanawa, tukunya huɗu ya ƙona kafin ya gano abin mamaki. Ashe tukunya tana magana. Da farko tana ɓal-ɓal-ɓal da sauri, in ta kusa sai muryarta ta yi nauyi, fut, fut, kamar tsoho na minshari. A nan sai ya ɗiga kaɗan cikin ƙwaryar ruwan sanyi ya murza da yatsu. In ya dunƙule, a sauke.

Shekara ta zagayo. Tela ya rage masa riguna sau biyu. Ranar kasuwar Tudun Wada ya ajiye kayansa, ya hau sikelin masu hatsi da ƙafarsa, ba sanda.

"Ku zo ku karanta da kanku! Kada a ce ni na faɗa!"

"Casa'in da biyar!" in ji mai sikelin.

Badamasi ya sauko yana gyara hula, yana taku kamar ango. Maƙwabcinsa Inuwa, wani ƙaton mutum mai yawan haki, yana tsaye a gefe da gutsuren mazarƙwaila a kumatu. Ya dubi ƙafar Badamasi, ya dubi tasa, ya dubi sauran 'yan ƙauyensu.

"To, wai mu da muka shekara ashirin muna cin ta safe da yamma, a cikinmu wa ya taɓa zuwa aka gwada jininsa?"

Kowa ya dubi ƙafarsa.

'Yan'uwa, zaƙi zaƙi ne, ko na kanti ko na gonarka, jiki ba ya bambanta su. Ku je a gwada ku, ku koyi riƙe kwaɗayinku tun ƙafafunku suna cikakku.