Kunun Aya a Kibod ɗin Oga

Har yau in na ji ƙamshin kunun aya sai in tuna wata ɓarna da na taɓa yi. Ina aji biyu a firamare lokacin. Mama tana buga takardu a shagon wani mutum da muke ce wa Oga a unguwar Dilimi, kwamfutar ma tasa ce. Ta tashi sallar Azahar, na haye kujerarta da kofin kununa. Gwiwar hannuna ta ture shi, kunu ya malale cikin kibod.

Mama ba ta daka mini tsawa ba. Ta zare wayar, ta kife kibod ɗin a kan tsumma, ta ɓalle madannan da cokali, ta wanke, ta shanya su a rana. "In Oga ya tarar ba ya aiki, nawa aikin ya ƙare," in ji ta.

Da suka bushe, ta fita zubar da ruwa, ni kuma na ce bari in gyara ɓarnata. Na mayar da su a jere, A, B, C, yadda malamarmu ta koya mana.

Sai ga Oga da wasiƙa: "Madam, yi sauri, mai ita na jira." Mama ta jona waya, ta kafa wa takardar ido, yatsunta na gudu. Ko harafi ɗaya bai kauce ba.

Sai da ya fita ta dubi aikina, ta ga ba madanni ɗaya da ke inda ya saba zama. Ta yi dariya har da hawaye, ta rungume ni: "Uwata, Allah ya so mu, ba da ido nake bugawa ba."